Yadda ɗalibi zai fara koyon zanen kwamfuta a Legas

Aikin zanen kwamfuta ba ya yankewa a Legas, kuma Hausawan da ke zaune a Agege, Idi-Araba, Obalende, Mile 12 da Alaba Rago suna cikin masu buƙatarsa a kowane mako. Akwai katin ɗaurin aure, akwai fostar walimar saukar Alƙur'ani, akwai sanarwar taron ƙungiyar ɗalibai, ga allon shagon tela, ga sitikar da mai kilishi zai manna a jikin ledarsa. Sau da yawa ana kai irin wannan aiki wurin wanda ba ya jin Hausa, sai ya dawo haruffa masu lanƙwasa sun ɓace, sunayen mutane sun karkace. Ɗalibin da ke karatu a garin, ko a jami'a yake ko a sakandare, zai iya koyon wannan sana'a ba tare da ya bar aji ba, muddin ya bi ta a tsare, ya fara horar da idonsa kafin ya damu da manhajar da zai sauke.

Abin da mai zane yake yi shi ne jera saƙo ta yadda ido zai san abin da zai fara karantawa, da abin da zai biyo baya, da abin da zai iya jira. Hanya mafi sauƙi ta fahimtar haka ita ce ɗalibi ya mayar da zaman da yake yi cikin cunkoson motoci lokacin nazari. Idan danfo, motar hayar Legas, ta tsaya a titin Ikorodu ko a Oshodi, ya dubi allunan talla da ke gefen hanya, ya tambayi kansa mene ne ya fara gani, mene ne ya iya karantawa kafin mota ta motsa, mene ne kuma ya kasa karantawa sam. Ita kanta danfon darasi ce, domin baƙin layi a kan rawaya ana hango shi daga nesa ko da hadari ya rufe gari. Ya riƙa ɗaukar hoton tallan da ya burge shi da wanda ya gundure shi, ya ajiye su a wuri guda a wayarsa, sannan ya rubuta jimla ɗaya a kan kowanne yana faɗin dalili. Cewa abu ya yi kyau kawai ba dalili ba ne, sai an faɗi abin da ya sa.

Daga nan sai takarda da fensir. A ɗauki katin ɗaurin aure a matsayin aikin gwaji, tunda kowa ya san abin da ke cikinsa. Kafin a taɓa waya ko kwamfuta, a rubuta duk bayanan a jere, sannan a raba su gida uku. Sunan ango da amarya ne a gaba, su za su fi kowane rubutu girma. Rana, lokaci da wuri su ne na biyu, kuma dole su zauna kusa da juna, domin wanda aka gayyata tare yake neman su. Idan an ce masallacin Juma'a kaza a Agege, a ƙara alamar da baƙo zai gane wurin da ita, saboda Legas ba garin da ake lalube ba ne. Sunayen iyalai, masu karɓar baƙi da lambobin waya su ne na uku, a ƙananan haruffa masu karantuwa. Sai a zana ƙananan akwatuna huɗu ko biyar a takarda, a gwada jera waɗannan rukunai ta fuskoki daban-daban, sau ɗaya a tsakiya, sau ɗaya a jingine da gefen hagu, sau ɗaya da hoto a sama. Wannan mataki ba ya cin data, ba ya jiran wuta, kuma shi ne wanda masu koyo suka fi tsallakewa, shi ya sa ake ganin kati mai rubutu goma duk girmansu ɗaya, kowanne yana neman a fara da shi.

Babbar jarrabawar mai koyo ita ce cika wuri. Da ya ga fili a shafi sai ya sa fure, ko tauraro, ko inuwa a bayan haruffa. Tarihin tutar ƙasar nan yana da abin lura a kan haka. Michael Taiwo Akinkunmi ɗalibi ne a Landan lokacin da aka zaɓi zanensa a gasar zana tutar ƙasa a 1959, kuma a zanen da ya aika akwai jar rana a tsakiyar farin. Alƙalan gasar suka cire ranar, suka bar kore, fari, kore, wadda aka ɗaga a nan Legas ranar 1 ga Oktoba 1960, a filin sukuwar da yanzu ake kira Dandalin Tafawa Ɓalewa. Abin da ya rage bayan cirewar shi ne abin da ɗan firamare zai iya zanawa da ka. Masu ɗinkin babbar riga ma sun daɗe da sanin wannan, domin aska takwas tana taruwa ne a wuya da ƙirji, a bar sauran yadin fili, kuma filin ne yake sa aikin ya fito. Saboda haka idan ɗalibi ya gama zane, ya gwada cire abu ɗaya ya gani. Idan saƙon bai ragu ba, abin ba shi da aiki tun farko.

Sauran ƙa'idojin jeri ba su da wuyar faɗi. Rubutu ya bi layi ɗaya a tsaye, kada wani ya shiga ciki wani ya fita waje ba dalili. A bar tazara iri ɗaya a gefuna huɗu. Rubutu mai duhu ya hau bango mai haske, ko mai haske ya hau mai duhu, kuma hanyar gwada wannan ita ce a mayar da zanen fari da baƙi a waya, idan rubutun ya nutse to launukan sun yi kusa da juna.

Batun haruffa kuwa yana buƙatar tsayawa, domin a nan ne Bahaushe mai zane zai fi wasu ko ya faɗa ramin da suke faɗawa. Salon haruffa biyu sun isa a zane ɗaya, guda don kanun magana, guda don bayani, kuma haruffan da suka yi kama da rubutun hannu mai lauje-lauje a bar su ga suna ko kalma biyu, kada a rubuta adireshi da su. Matsalar ita ce yawancin salon haruffan da ake samu ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Idan aka rubuta su, ko dai wani akwati ya fito a gurbinsu, ko manhajar ta aro harafin daga wani salo dabam, ya tsaya a tsakiyar kalma ya bambanta da 'yan'uwansa. Kafin a zaɓi salo, a fara buga waɗannan haruffa huɗu manya da ƙanana a gani. Noto Sans, Andika, Charis da Gentium duk suna ɗauke da su kuma kyauta ne, sannan suna da ẹ, ọ da ṣ na Yarabanci, abin da zai yi amfani ranar da mai shago ya ce a rubuta masa talla da harsuna biyu don maƙwabtansa. Larabci ya fi haka haɗari, saboda wasu manhajojin suna tsinka haruffansa ko su juya su daga hagu zuwa dama, wanda bai iya karatu ba kuma ba zai lura ba. Duk Bismilla ko addu'ar da za ta hau kati, a nuna wa malami ya duba kafin a buga. A ra'ayina, takardar tallan da za a raba a tasha a tattake ta da ƙafa bai kamata a ɗora mata aya ba ko da mai aikin ya nema, kuma mai zane yana da ikon ya ba da wannan shawara cikin ladabi.

Sai a zo ga kayan aiki. Wanda waya kawai yake da ita ya fara da manhajar Canva ko PixelLab, za su ishe shi koyon jeri, launi da haruffa, da yin sanarwar da za a yaɗa a WhatsApp. Amfani da zanen da aka riga aka shirya a Canva ba laifi ba ne a makon farko, amma wanda ya tsaya a canza suna da kwanan wata bai koyi komai ba. Ya buɗe shafi fari ya gina nasa. Idan hali ya samu na sayen kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu a kasuwar Computer Village da ke Ikeja, a tafi da wanda ya san kaya, a nemi mai RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, aƙalla gigabayit 8 da ma'adanar fayil mai sauri da ake kira SSD, a gwada batirin da kyau tunda wuta ba ta da tabbas, a kuma buɗe farin shafi a duba ko gilashin yana da tabo ko ya rine. A kwamfuta, manhajojin GIMP da Inkscape kyauta ne, Photopea kuma a intanet ake buɗe ta ba sai an sauke ba. Photoshop da Illustrator na kamfanin Adobe kuɗin wata ake biya, abin da ke yi wa ɗalibi nauyi, su kuwa manhajojin sata da ake zuba wa mutane a kasuwa sukan zo da cutar kwamfuta. CorelDRAW ce masu ɗab'i a Nijeriya suka fi sabawa da ita, don haka wanda ke nufin aikin bugawa zai buƙace ta ko ba daɗe ko ba jima. Ko wacce aka ɗauka, a zauna a kanta har hannu ya faɗa kafin a koma wata.

Akwai bambanci guda da rashin saninsa yake ɓata aiki. Hoto ɗigo-ɗigo ne, idan aka ja shi ya wuce girmansa sai ya dushe. Zanen layi, wanda ake kira bekta, lissafi ne yake riƙe da shi, ana iya buga shi a kan katin aljihu ko a bangon bene bai canza ba. Tambarin shago ko na ƙungiya a yi shi da bekta a Inkscape, Illustrator ko CorelDRAW. Hoton da za a buga a takarda kuma ya kai ɗigo 300 a kowane inci, kuma a roƙi mai aiki ya turo shi a WhatsApp a matsayin fayil, domin turawa ta hanyar hoto tana matse shi. A saita girman shafi tun kafin a fara: A4 milimita 210 ne da 297, A5 kuma 148 da 210, zanen da zai cika fuskar waya a tsaye kuwa ɗigo 1080 da 1920.

Wanda ya kai nan ya ware wata Asabar ya je Shomolu, unguwar da ta yi suna da maɗaba'u, ko Mushin, ya buga zanensa ko da kwafi kaɗan ne, ya tsaya ya ga yadda ake yi. A can zai gane cewa gilashin waya da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, tsarin da ake kira RGB, ita kuwa na'urar ɗab'i tawada huɗu take haɗawa, tsarin CMYK, shi ya sa shuɗi mai ƙyalli da kore shar da ya gani a waya suke fitowa a dushe a takarda. Zanen da za a buga a mayar da shi CMYK tun da wuri. Ƙananan rubutu baƙi a yi su da baƙar tawada zalla, domin idan tawada huɗu suka haɗu a kansu, ɗan gocewa kaɗan zai sa su yi inuwa. Launin bango ya zarce iyakar shafi da milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka ba ta sauka daidai kullum, rubutu kuma ya ja baya daga baki. Kafin a miƙa fayil, a mayar da rubutun ya zama zanen layi, wanda a CorelDRAW ake yi da Ctrl da Q, don kada kwamfutar maɗaba'a ta musanya haruffan da ba ta da su. Amma a ajiye wani kwafi da ba a mayar ba saboda gyara. PDF ya fi aminci, tunda fayil ɗin sabuwar CorelDRAW ba lalle tsohuwa ta buɗe shi ba. Ma'aikatan wurin suna cikin sauri, amma wanda ya gaishe su da kyau ya tambayi abu ɗaya takamaimai yakan samu amsa.

Mai son takardar shaida yana da Kwalejin Fasaha ta Yaba, wadda aka kafa a 1947, tana da makarantar zane da ɗab'i, kuma ko ɗalibin da ke karanta wani fanni a Jami'ar Legas da ke Akoka ba shi da nisa da ita. Sai dai mai ba da aiki abin da aka zana yake so ya gani, saboda haka ɗalibi ya fara da na kusa: sanarwar ƙungiyar ɗalibai, jadawalin Islamiyyar unguwa, sitikar 'yar'uwa mai sayar da turaren wuta. Ya tara mafi kyawu guda biyar ko shida a wuri ɗaya, ya riƙa sauke tsofaffi yana ɗora sababbi. Kwaikwayon zanen ƙwararru don horo yana da amfani, amma ba a nuna shi a matsayin aikin kai, kuma hoton da za a sa a aikin kuɗi a ɗauko shi daga shafukan intanet da suka ba da izini kamar Unsplash da Pexels, ko a ɗauka da waya da rana a inuwa.

Ranar da aikin kuɗi ya fara zuwa, a yi magana a gama kafin a fara. A karɓi kafin alƙalami, a faɗi sau nawa za a yi gyara kyauta, a kuma nemi mai aiki ya turo bayanansa a rubuce maimakon saƙon murya, domin sunan da aka ji da kunne shi ne ake rubutawa ba daidai ba. Idan an gama, a tura masa samfur ya karanta kowane suna da kowace lamba, ya amsa a rubuce cewa ya amince, sannan a kai maɗaba'a. Aikin da ranar karɓarsa ta faɗa cikin makon jarrabawa kuwa a ba da haƙuri tun farko, ko a haɗa mai shi da wani abokin koyo da aka yarda da hannunsa.