Kurakuran masu koya wa yaranmu kasuwanci a Makka da Jidda

Wanda aka fi yi shi ne malam ya ce "an gane?", aji ya yi tsit, shi kuma ya wuce gaba. Yaron da ya tashi a halƙar hadda an hore shi a kan cewa katse malam rashin ladabi ne, don haka shirunsa girmamawa ce kawai. A bar tambayar, a ba shi aiki: kayan riyal 200 ne, ɗora harajin kashi 15 cikin ɗari da ake karɓa tun Yulin 2020, nawa mai saye zai biya? In bai rubuta 230 ba, a koma baya.

Sai kwaso tsarin makarantar kasuwanci ta Harvard da ke Amurka ɗungurungum. Can, tun shekarun 1920, labarin wani kamfani ake ba ɗalibai su yi ta musu a kansa, har da maki ga mai magana. A nan fa? Dattijo mai shago a Shari'u Mansur, wani titi a Makka, yana zaune, ɗan shekara ashirin ba zai buɗe baki ya ce "Baba, ba haka ba ne" ba, ko da ya ga kuskuren ƙuru-ƙuru. Tsarin ba shi da laifi, zaman ne ke son gyara. A haɗa sa'a da sa'a, mutum uku ko huɗu, kowa ya fara rubuta ra'ayinsa a takarda kafin a yi magana. Labarin ma ya zama na gida: mai dabino da carbi ya cika shago saboda Hajji, alhazai sun watse, rabin jarinsa na kwance a kwali, ga kuɗin haya ya taso. Ya karya farashi, ko ya jira masu Umara? Nan za ka ji bakin da ka ɗauka bebe ne.

Wasu malaman kuma raina hadda suke yi, abin da ni ban ga dalilinsa ba. Wanda ya riƙe izu sittin, ƙa'idar rubuta shiga da fita ba za ta gagare shi ba. Ya haddace, sannan a riƙa sauya masa lambobi.

Bayani a yi shi da Hausa, amma takardun aiki a bar su da Larabci, domin tun Disambar 2021 rasit na kwamfuta hukuma ke nema, kuma da Larabci zai ci karo da shi a shago. In babba ne ya yi kuskure kuwa, a ja shi gefe bayan an tashi.