Babi na Shida: Kuɗin Guzuri a Ƙasa Mai Tsarki

Darasi na 1: Sanin riyal

Iyayena da 'yan'uwana maniyyata, naira ba ta saye a Makka. Kuɗinsu riyal ne. Guzurin da ake ba alhazai dalar Amurka ce, sai a kai wa ɗan canji ya ba da riyal, kamar dai yadda kuke canjin sefa a kasuwar Maigatari. Dala 100 riyal 375 ce, kuma tun 1986 farashin bai motsa ba. Ɗan canji zai ɗan cire ladansa. Ku rubuta a littafinku: uku, bakwai, biyar. Madalla.

To, ga inda ake tuntuɓe. Takardar riyal fuska biyu gare ta. Fuskar da ke da hoton sarki lambar Larabci ce a jiki. A Larabci biyar kamar ƙwai take, ga ta: ٥. Sifili kuwa ɗigo ne kawai. Saboda haka ٥٠ hamsin ce, ٥٠٠ ɗari biyar. Ɗigo ɗaya tak ya raba su, ga ido ya tsufa.

Maganinsa, juya takardar. A bayanta akwai lambar boko, wadda muka koya bara. Juya, ka karanta, sannan ka miƙa. Hajiya, ke ma haka: juya, ki karanta, sannan ki miƙa. In an ba ka canji, kada ka cusa a lalita. Juya kowace takarda, ɗaya bayan ɗaya. Mai shago zai jira, ba gudu zai yi ba.

Launi ma na taimakawa. Hamsin koriya ce. Ɗari ja ce, da Masallacin Annabi a jiki. Ɗari biyar shuɗiya ce, da Ka'aba. Amma da dare launi na ruɗi, sai a juya.

Ranar Talata na raba takardu a aji, na zama mai dabino. Wani dattijo ya miƙo mini shuɗiya a kan dabinon hamsin, ya koma ya zauna abinsa. Haba Baba! Sau nawa na faɗa? Riyal 450 ka bar mini, fiye da dala 100. Kunyar juya kuɗi a gaban Balarabe ba ta ciyar da kowa a Mina. Ba faɗa nake ba, amma a juya.

Darasi na 2: Ajiya

Harami ba shi da aljihu. Ka sayi ɗamara mai zik. Raba kuɗin gida uku: na yau a ɗamara, na sati a jaka mai kwaɗo, na tsaraba kada a taɓa sai an sauko daga Arfa.

Darasi na 3: Kati

Kafin tashi, je banki ka tambaya ko katinka na aiki a waje, da abin da suke cira. Lambar sirri huɗu ce. Haddace ta. Kada a rubuta ta a jikin kati, kada a faɗa wa mai cewa zai taimaka.

Darasi na 4: Mota da jirgin ƙasa

Kafin ka shiga tasi ka ce "bikam?", wato nawa. A gama ciniki a ƙasa. Jirgin ƙasa na Haramaini yana haɗa Makka da Madina ta Jidda, tikiti ake yanka kafin a shiga. A nemi yaro ya taimaka a waya.

Aikin gida: a rubuta ٥٠ da ٥٠٠ sau goma, da lambar bokonsu a gefe.