Yadda Ake Koyo da Koyar da Sarrafa Keken Hawan Dutse a Zariya

A Zariya da wuya a sami namijin da ya girma bai iya keke ba, domin da shi ake zuwa makaranta, da shi ake kai kaya kasuwar Sabon Gari, da shi kuma manomi yake ɗauko ciyawa daga fadama. Wannan sabon ne yake yaudarar wanda ya sayi keken hawan dutse a gwanjo, har ya ɗauka cewa faɗin taya da yawan giya kaɗai suka bambanta shi da Raleigh ko Phoenix na gidansu. An ƙirƙiro keken ne a shekarun 1970 a jihar Kalifoniya ta Amurka domin gangarowa daga tsaunuka a kan hanyoyin da babu kwalta, kuma tun 1996 ake tserensa a gasar Olamfik. Mafi yawan aikin mai koyarwa a garinmu shi ne ya raba ɗalibi da halaye uku da titi ya saba masa da su, wato mannewa a kan sirdi, da tsoron birkin gaba, da zura wa tayar gaba ido.

Kafin a hau, a fara gane wane hannu ne yake riƙe da birkin gaba. Keken da aka haɗa don Ingila yana da birkin gaba a dama, na Amurka da yawancin ƙasashen Turai kuwa a hagu yake, kuma tunda kekunan gwanjo daga ko'ina suke zuwa, bai kamata a yi zato ba. A ɗaga tayar gaba, a juya ta, a matsa birki a gani. Masu faci sun saba cika taya har ta yi tauri kamar dutse, wanda ya dace da kwalta, amma a kan tsakuwa tsalle take sa keke ya yi, don haka a rage iska har sai tayar ta ɗan lotsa idan an danna ta da ƙarfi da babban yatsa. A sauke sirdi ƙasa kaɗan a duk lokacin atisaye. Hular kwano kuwa ba abin tattaunawa ba ce, wanda ya zo babu ita ya zauna ya yi kallo.

Ranar farko ba ranar zuwa dutsen Kufena ba ce, ko da ɗalibi ya nace. Fili mai fako ko filin ƙwallon unguwa ya wadatar, da sassafe kafin yara su cika shi. Darasin farko shi ne tsayuwa: ɗalibi ya ɗan tuƙa har keke ya sami gudu, sannan ya miƙe daga sirdi, fedoji biyu su daidaita ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwoyi da gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, dugadugai su yi ƙasa. Nauyin jiki ya sauka a ƙafa, hannu kuma ya riƙe kan keken sakwa-sakwa. Hikimar ita ce ƙafafu da hannuwa su riƙa shanye gargada, keken ya yi ta motsi a ƙarƙashin mutum alhali kansa yana nan daram. Malami ya sa ɗalibi ya tura jikinsa baya har cinyoyinsa su wuce sirdi, ya dawo gaba, ya karkata keken dama da hagu ba tare da ya karkata jikinsa ba, a yi ta maimaitawa har abin ya daina ba shi mamaki.

A kan birki ne ya kamata a daɗe. Kusan kowa ya taso da jin cewa birkin gaba yana wuntsila mutum, kuma maganar tana da tushe, domin wanda ya finciko shi gaba ɗaya yana zaune miƙe a sirdi lallai zai tsallake kan keke. Sai dai idan ana tsayar da keke nauyi gaba yake komawa, tayar gaba ta ƙara kama ƙasa, ta baya kuma ta yi sakayau, shi ya sa mafi yawan ƙarfin tsayawa a birkin gaba yake. Wanda ya dogara da na baya kaɗai a gangara zai ji tayar tana jan ƙasa, ƙura na tashi, keken kuma bai rage gudu ba. Hanyar cire wannan tsoro ita ce a fara a ƙasa: ɗalibi ya tura keken da hannu yana tafiya a gefensa, ya matsa na baya ya ga tayar ta ja, ya matsa na gaba ya ga bayan keken ya ɗaga. Daga nan sai ya hau, a ja layi a ƙasa da sanda, ya riƙa tsayawa a kan layin da birki biyu tare, yana matsawa a hankali yadda ake matse lemon tsami, yana sauke dugadugai tare da ja da jikinsa baya daidai lokacin da keken yake tsayawa. Idan birkin mai faifai ne da ke aiki da mai, yatsa ɗaya ya isa. Idan na roba ne da ke kama wili, a sa biyu, sauran yatsun su zauna a kan mariƙi. A ganina ɗalibin da bai iya tsayawa a kan layi sau goma a jere ba bai isa a kai shi gangara ba, komai ƙarfin cinyarsa.

Keke inda ido ya kalla yake bi, shi ya sa wanda ya ƙura wa dutse ido don ya kauce masa yakan je ya buge shi. A jera gwangwanaye ko duwatsu da tazarar taku huɗu ko biyar, ɗalibi ya riƙa ratsawa tsakaninsu yana kallon na gaba tun bai wuce na kusa ba. A kwana kuma, a gama rage gudu tun kafin a shiga, a saki birki, a sauke fedar waje ƙasa a danna ta, a karkata keken fiye da jiki, ido yana kan mafita. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai a hanyoyin burji na ƙauyukan da ke kewaye da Samaru da Shika, inda tsakuwar marmara take mirginawa a ƙarƙashin taya da rani, ta yadda taɓa birkin gaba a tsakiyar kwana yakan zame tayar nan take.

Yashi a ƙoramar da ta ƙafe yana son a shige shi da ɗan gudu da giya mai sauƙi, nauyi a baya, ba tare da murɗa kan keke ba. Zaizayar da damina ta bari a hanya a tsallake ta a gicciye, kada a bari taya ta faɗa cikinta a tsaye. A hawa kuwa a sauya giya tun kafin ƙafa ta yi nauyi, a sassauta taka feda a daidai lokacin sauyawar, in ba haka ba sarƙa ta yi ƙara ko ta tsinke. Sai bayan duk wannan ne za a je gindin Kufena ta wajen Wusasa, a zaɓi shimfiɗaɗɗen dutse mai ɗan gangara wanda ƙarshensa fili ne. Busasshen dutse yana kama taya fiye da yadda ido yake zato, amma bayan ruwan sama, musamman a Agusta, wuraren da ruwa ke bi sukan yi baƙi da santsi, kuma a guje su. Duk gangarar da ba a sani ba a fara bin ta da ƙafa.

Shi kuma mai koyarwa, gyara ɗaya zai riƙa bayarwa a kowane zagaye. Idan ya ga kurakurai huɗu, ya zaɓi wanda ya haifi sauran, wanda sau da yawa shi ne kallon ƙasa, ya ce, "Ɗan'uwa, ɗaga kanka ka dubi bishiyar can," ya yi shiru a kan ragowar. Ya nuna da kansa a hankali kafin ya yi bayani, ya tsaya a inda yake so ɗalibi ya kalla, kuma ya ɗauki bidiyo da waya daga gefe, domin mutane da yawa sukan rantse sun lanƙwasa gwiwa sai sun ga kansu a miƙe kamar taɓarya. Idan ɗalibi ya ce, "Malam, wannan ba zan iya ba," a bar shi ya sauka ya tura, a koma wurin da ya fi sauƙi, kada a haɗa shi da dariyar abokai. Awa ɗaya ta isa darasi, a watannin Maris da Afrilu ma a tashi kafin rana ta yi zafi, domin gajiya ce take kawo yawancin faɗuwar ƙarshen atisaye.

Hanyoyin da ake bi a bayan gari na manoma ne da makiyaya, saboda haka a rage gudu a yi sallama, a ce "sannunku da aiki", kada a ratsa kunya ko da an girbe, kuma idan an haɗu da garken shanu a sauka a jira su wuce. A riƙa tafiya da ruwa, da famfo, da kayan faci, da tif na ajiya, domin tsidau yana da yawa a gefen gonaki da kaka, kuma daga gindin Kufena zuwa wurin mai faci tafiya ce mai nisa ga wanda yake tura keke.