Kurakuran da 'yan ritayar Amurka ke yi da Medicare in za su dawo gida

Na gaji wallahi. Duk wanda ya cika shekara 65 ya haɗa kayansa zai dawo Kano ko Damagaram ko Kumasi sai ya kira ni da magana ɗaya, "Alhaji tunda Medicare baya aiki a gida ai soke shi zan yi ko?" Eh, Medicare ɗin, wato inshorar lafiyar da gwamnatin Amurka ke yi wa tsofaffi, ko allura ɗaya ba zai biya maka a asibitin gida ba, amma tsaya tukuna.

Babban kuskuren shine soke Part B, ɓangaren Medicare da ke biyan ganin likita da gwaje-gwaje, kuma ni ya ci ni. Ana cire kuɗinsa daga fanshonka duk wata, dala 185 ne a 2025, in ka buga shi a naira sai ranka ya ɓaci kace me nake biya ina zaune a Kano. Haka nayi, na soke. Shekara uku ina lafiya lau, sai fitsari ya fara min wuya, dare ɗaya in tashi sau biyar, yara suka ce Baba taho a duba ka. Na sauka Amurka a watan Afrilu, aka ce ƙofar sake shiga daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Maris take, na makara. Babbar 'yata ce ta riƙa biyan likita daga albashinta, na gan ta da idona tana zaune a kicin da takardun asibiti tana lissafi, har yau abun na damuna. Da na samu shiga kuma aka ɗora min tara, kashi 10 cikin 100 kan kowace cikakkiyar shekara da na yi ba ni ciki, wato kashi 30, kuma ba ta ƙarewa, muddin kana Part B kana biyanta.

Amma ku ba kwa ji. Mutum yana da hawan jini da suga, 'ya'yansa huɗu suna can, ya san sarai ranar da jiki ya rikice jirgi za su sa shi, amma ya tsaya yana min lissafin canji. Haba malam! Ni abin da nake tambaya kawai, in ciwo ya yi tsanani ina za a kai ka? In can ne, bar Part B ɗinka. In ka yanke cewa ka dawo kenan, ko takardun komawa baka da su, to soke shi ba laifi, amma kuɗin nan na shekara, dala 2,220 a lissafin 2025, ka ware shi a asusu daban don asibiti, kar ya tafi a ginin gida da biki.

Part A, mai biyan kwanciya a asibiti, kar ka taɓa shi, kyauta ne in ka yi aikin shekara 10 kana biyan haraji. Medicare Advantage kuwa, wato Medicare ta hannun kamfanin inshora, in ka wuce wata 6 a waje cire ka ake yi. Masu dogaro da Medigap, ƙarin inshorar da ke cike giɓin Medicare, wasu tsare-tsarensa ne kawai ke biyan jinyar gaggawa a ƙasar waje, shima kwana 60 na farkon tafiya, iyakarsa dala 50,000 duk rayuwa, don matafiyi aka yi shi.

Sai masu barin Medicare a can su zauna a nan babu komai a hannu. Ni na yi inshorar gida saboda zazzaɓi da awon jini, katin yana aljihun rigata tare da kwafin takardun likitana na can.