Yadda ake gane kifin barakuda da danginsa, tun daga baki har wutsiya

Matsalar da yawanci ake samu wajen gane kifin teku ita ce mutum ya tsaya a launi, alhali launi yana dusashewa da zarar kifi ya mutu. Abin da ake dubawa shi ne ƙira da lissafi. Bari mu ɗauki barakuda, wannan dogon kifin mai baki kamar na kada da ke yawo a gaɓar tekuna masu ɗumi.

Da farko ka shimfiɗa shi a gefensa, kansa na kallon hagu, haka masana suke yi in za su ɗauki hoto. Taɓa shi ka ji, ƙashi ne na gaske a jikinsa ba guringuntsi irin na kifin shak ba, fikafikansa kuma ƙayoyi ne siraran da fata ta haɗe, wannan kaɗai ya kai shi babban ajin da ake kira Actinopterygii inda mafi yawan kifaye suke.

Sai ka koma kan baya. Fikafikai biyu ne kuma da tazara sosai a tsakaninsu, na gaba ƙaya 5 masu tauri, na baya ƙaya 1 mai tauri da 9 masu laushi. Ka ɗaga su da tsinke a hankali ka ƙirga, in ka rikice ka sake, ba komai.

Yanzu bakin, kuma nan ne ni kam nake daɗewa. Haɓar ƙasa ta fi ta sama tsawo, haƙoran ba girmansu ɗaya ba, wasu ƙanana jere kamar zarto wasu dogaye kamar wuƙa, kuma dogayen suna da ramuka a ɗaya muƙamuƙin da suke shigewa shi ya sa bakin ke rufuwa ruf duk da wannan makami, ikon Allah kenan. Ka sa sanda wajen buɗewa, kar ka kuskura ka sa yatsa ko da ya mutu. In ka ga wannan baki da waɗancan fikafikai to ka iso dangin Sphyraenidae, kuma jinsi ɗaya tal ne a cikinsa, Sphyraena, mai nau'i sama da 20.

Rabe nau'in shi ne aikin haƙuri. Akwai layi da ya bi gefen jiki daga kai zuwa wutsiya, da shi kifi ke jin motsin ruwa, ƙirga ɓawon da ke kansa. In ka samu tsakanin 75 da 87, ga ɗigon baƙi barkatai a ƙasan gefe, wutsiya mai duhu da fari a tsininta, to Sphyraena barracuda ne, babban, wanda kan kusa mita 2. In ɓawon ƙanana ne sun haura 120 ga zane-zane masu duhu a jere, kuma a gaɓar Afirka ta Yamma aka kama shi, ka fi zaton Sphyraena afra.

Rubuta inda aka kama shi ma, domin ƙananan suna fakewa a saiwoyin itatuwan bakin teku da ciyawar ruwa, manyan kuma su koma wajen duwatsun murjani. Waɗannan manyan na wajen murjani su ne kan tara gubar siguwatera daga ƙananan kifayen da suke ci, kuma dafuwa ko suya ba sa kashe ta, don haka in gagarumi ne daga irin wurin nan ka auna shi, ka ɗau hoto, amma kar ka ci.