Yadda na shawo kan Hajiya kafin in tafi Chappal Waddi

Ranar da na gaya wa Hajiya zan je gandun dajin Gashaka-Gumti in yi kwanaki ina tafiya a ƙasa cikin daji, tana tsintar shinkafa a tsakar gidanmu na Tudun Wada. Ta ajiye faifan ta ce, "Daji? A wannan zamanin?" Ban ga laifinta ba. Mutumin Kaduna in ya ji an ce daji, Birnin Gwari ne ke faɗo masa a rai, da masu garkuwa da mutane. Ƙanena kuma ya ƙara dagula lissafi, ya duba waya ya ga dutsen da zan hau, Chappal Waddi, ana masa laƙabi da Dutsen Mutuwa.

Kada ka ce wa uwa "ba abin da zai faru." Na faɗa, sai ma ya ƙara mata tsoro, domin ta san ba ni da wannan tabbacin. Abin da take nema shi ne ta ga ka san inda za ka, ka kuma san abin yi in an samu matsala.

Ka faɗa da wuri, kamar saura wata biyu. Ni Kawu na fara samu bayan sallar Juma'a, don shi ne Hajiya ke jin maganarsa. Na yi masa bayani dalla-dalla: gandun dajin yana tsakanin Taraba da Adamawa, shi ne mafi girma a Najeriya, ofishinsa na Serti, kuma ba a shiga sai da izini da rakiyar ma'aikatan gandun. Dutsen yana kan iyakar Kamaru, tsayinsa mita 2,419, babu wanda ya kai shi a ƙasar nan. Na ce da rani za mu je, a Janairu, saboda da damina koguna kan cika, hanya ta yanke. Kawu ya tambaya, "In suka ce hanyar ba lafiya fa?" Na ce zan juyo gida ko da na riga na isa Serti. Wannan alkawarin ya fi duk sauran bayanan tasiri, kuma da gaske nake.

Sai takarda. Ka rubuta da hannu, manyan baƙi: ranar barin Kaduna, kwana a Jalingo, ranar shiga daji, sunayen abokan tafiya da lambar wani daga gidan kowannensu, lambar jagora, ranar fitowa. A ƙasa ka ƙara wata rana, kwana biyu bayan ranar fitowar, ka ce sai an kai ta ba a ji ka ba sannan a fara kiran lambobin nan. Tafiyar ƙasa ba ta cika kiyaye lokaci ba, ciwon gwiwar mutum ɗaya ya isa ya cinye muku yini.

Maganar waya ce ta taɓa ƙona ni. A wata tafiya ta kwana uku na yi wa maiɗakina alkawarin kira kowane dare, ashe babu sabis a wurin. Daren farko ba ta runtsa ba, kafin azahar ta kira kusan duk abokaina tana kuka. Har yau in na tuna sai zuciyata ta sosu. Don haka ka faɗi gaskiya: daga rana kaza zuwa rana kaza waya ba za ta shiga ba, shirun yana cikin tsari. Ka kuma zaɓi mutum ɗaya da za ka kira da zarar ka samu sabis, shi ya sanar da kowa. Ni Yaya na zaɓa.

Saura kwana uku na shimfiɗa tabarma na baje kayan a gabansu: takalmin da na yi makonni ina takawa da shi don ya saba da ƙafa, gidan sauro, maganin zazzaɓin cizon sauro, garin gishiri da sukari na gudawa, tocila biyu, tukunyar tafasa ruwan sha, da rigar sanyi mai kauri, don saman duwatsun nan akwai sanyi. Hajiya ta ɗaga rigar ta matsa ta, ta ce ba ta isa ba, ta shiga ɗaki ta ɗauko bargo. Ka karɓa ko da zai ƙara maka nauyi. Ta tambayi salla, na ce ƙasaru za mu yi, inda ruwa ya yi wuya mu yi taimama. Kuɗin cefane da na makarantar yara kuwa, ka miƙa su tun ba a tambaya ba.

Da asubar tafiya na durƙusa na nemi albarkarta. Ta miƙo mini ƙunshin dabino da kilishi, ta ce, "Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya." Takardar nan tana maƙale jikin kalandar ɗakinta, ta zagaye ranar fitowa da jan biro. Da na kira daga Serti ranar, Yaya ya ce tun hantsi wayarsa ke hannunta.