Yadda Ake Ɗora Inuwa a Kan Hoto da ::after

Mai tsara shafin intanet da ke son sanya ɗan duhu a kan hoto, domin rubutun da ke samansa ya fito sarai, yakan fara da rubuta img::after a CSS, wato harshen tsara kamannin shafi, sai ya ga babu abin da ya canza. Dalilin shi ne ::before da ::after suna haifar da sabon ɓangare ne a cikin abin da aka liƙa musu, shi kuwa img, wato alamar da ake saka hoto da ita a shafi, ba shi da cikin da zai riƙe komai, domin burauza tana maye gurbinsa da hoton kansa.

Mafita ita ce a saka hoton cikin figure, wato alamar da ke kewaye hoto, a ba ta position: relative. Sannan a rubuta figure::after, a ba shi content: "", wanda idan aka manta da shi ɓangaren ba zai bayyana ba sam, a ƙara position: absolute da inset: 0 domin ya lulluɓe hoton baki ɗaya. Inuwar kanta linear-gradient ce a background, daga launi mai shara-shara a sama zuwa baƙi a ƙasa. Idan ana latsa hoton, a sa pointer-events: none don kada lulluɓin ya tare yatsa.

Ana iya sanya ƙaramin tambari da content: url(), amma daidaita girmansa yana da wuya, shi ya sa na fi son background-image tare da background-size. Hoton da ke ɗauke da bayani kuwa, wurinsa img ne mai alt, wato rubutun da ke bayyana hoton, domin makafi masu amfani da manhajar karanta allo su san abin da ke cikinsa.